Ranar da Kawu Ya Kwance Masaƙarsa

Jiya a kasuwa na ga wani tsoho yana murza yadi da yatsunsa, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Masaƙi ne, ƙarar masaƙarsa ke tashinmu kowace safiya. Da kuɗin fetur suka shigo, kowa ya koma sayen yadin waje.

Wata rana a hanyar Gawu babbar mota ta wuce mu cike da auduga. Ya ce, "'Yar nan, mu ke nomawa, su ke saƙawa, su sayar mana da tsada. Ina za mu yi arziki?"

Kafin damina ya kwance masaƙar, Goggo ta yi girki da itacenta. Yana gadin shago ajali ya same shi. Allah ya haskaka kabarinsa.