Kunyar da Ta Karkace

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, da na mayar da baiti guda da na yi wa ɗan ƙanwata a gonar gayya. Ban zage shi da baki ba. Ganga na sa ta faɗa, jama'a suka yi dariya, dariyar kuwa ta bi shi fiye da shekara ashirin.

Ni makaɗin noma ne daga wajen Rawayya, gadon ubana. Aikinmu a gayya mu bi manoma a baya. Kowane gwani yana da takensa, kiɗan da in ya ji ya san da shi ake, sai ya ƙara duƙawa. Rago kuma a yi masa zambo don ya ji haushi ya motsa. Mutanenmu suna jin maganar ganga kamar ta baki.

A wata damina can baya yaron ya zo hutu daga sakandare, da biro a aljihun riga, yana gaya wa kowa wata rana zai rubuta littafi. Ya ɗauki garma ya shiga layi. Bai yi nisa ba kunyar da yake huɗawa ta kauce, ta shiga ta maƙwabcinsa. Sai na matsa bayansa na kaɗa: "Ɗan boko, kunyakka ta karkace." 'Yan amshi suka cafe. Ya ajiye garma a tsakiyar gona ya tafi, ko tuwon gayya bai ci ba.

Na ɗauka abin zai ƙare a gonar. Ina. Mata suka riƙa daka da shi, ana bikin aure a roƙe ni in kaɗa, ni kuma in kaɗa, don ina jin daɗin yadda ya karɓu. Ya gama karatu ya sami koyarwa a Tsafe, ba ya zuwa sai sallah ko ta'aziyya. Gaisuwarmu ba ta wuce kalma uku. Uwarsa sau ɗaya ta taɓa ce mini, "Yaya, gangarka tana da kaifi." Har ta rasu ba ta ƙara ba.

Bara bayan kaka sai ga shi a kan babur, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo littafi.

"Kawu, na rubuta. Wani gidan rediyo a Gusau za su riƙa karanta shi, babi guda kowane mako. Kiɗa nake so a sa tsakani, sabo, ba na aro ba. Ganga kawai, ba baki."

"Makaɗa sun ƙare ne a Zamfara, sai ni?"

"Ka karanta dai, Kawu."

Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, da yatsa nake bin layi. Kwana tara na yi a gindin darbejiya. Mai ɗakina ta ce, "Malam, karatu kake ko tsintar tsakuwa a shinkafa?" Na ci gaba da bin layi, don kaina nake nema a ciki. Na tabbata ya zo ramuwa ne, a ji ta a rediyo, da gangata a ƙarƙashi.

Labarin matasa uku ne. Ɗaya yana son tuƙin babbar mota, ta biyu yarinya ce mai son aikin jinya, na ukun rubutu. Sai na iso babin gayya. Ga yaron, ga garma, ga kunya ta karkace, ga makaɗi ya matso bayansa. Amma makaɗin littafin take ya kaɗa masa, yaron ya gyara tsayuwa ya kai bakin gona. Abin da taken ya ce kuwa ba a rubuta ba.

Washegari na hau mota zuwa Tsafe, na jira aka tashi makaranta.

"Ba haka aka yi ba," na ce masa.

"Na sani, Kawu. Ai ina wurin." Ya ɗan yi murmushi. "Komai na iya ƙirƙira, ban da taken. Ban taɓa jin nawa ba, ta ina zan san yadda yake?"

A nan ya kamata in ce ya yafe mini. Bakina ya yi nauyi, na ce zan gwada yin kiɗan.

Na sauko da ganga daga rataya, na ɗaure tsirkiya, na shanya ta a hantsi. Kiɗan direba bai ba ni wuya ba, daga nishin mota mai hawan tudu na ɗauko shi. Na yarinyar daga lugude. Taken ne ya gagara. Duk sanda na ɗaga gula sai hannuna ya koma tsohuwar hanya, kamar jaki da ya san gida. Mai ɗakina daga madafa ta ce, "Ka sake ta, tsoho. Zambon ne." Da an sa haka a rediyo, duk dattijon da ke ƙasar Bungudu zai ji abin da ganga ta ce, ko da ba baki.

Mako biyu ina gudun farkon kiɗan, komai na yi ya fito ba gishiri. Daga baya na tuna ba a gyara karkatacciyar kunya daga wata gona, sai an koma inda ta kauce. Na bar hannun ya fara yadda ya saba, "Ɗan boko, kunyakka," a nan na juya gula: "ta fita." Haka muke cewa in manomi ya kai ƙarshen layinsa.

A Gusau aka sa ni wani ɗan ɗaki mai soso a bango, ɗan ƙanwata yana bayan gilashi. Na kaɗa har sau uku. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Sannan ya leƙo ya ce, "Kawu, ka cika sauri a ƙarshe. Wanda ya jira shekara ashirin ba ya son a gaggauta masa." Na sake, a hankali. Da muka fito shi ya saɓa gangar a kafaɗa har tasha, malamin makaranta guda, mutane suna kallo. A tashar na samu bakina ya buɗe, na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun a ɗakin soso.

Ranar da aka karanta babin muna majalisa bayan la'asar. Tsohon sarkin nomanmu ya kasa kunne ya ce, "Kai, wanga ba zambon nan ne ba?" Ya ƙara saurare. "A'a, ta miƙe." Ya dube ni. "Shekara ashirin kana huɗar kunya guda. Ashe kai ne ragon gayyar." Aka yi dariya, har da ni, kuma ban taɓa jin daɗin dariyar da aka yi mini kamar wannan ba.

Na yi sa'a ina raye, shi ma yana raye. Uwarsa ba ta ji ba. Don haka ina roƙon duk mai ganga, ko alƙalami, ko wayar hannu: in yaro ya faɗi burinsa a gabanku kuma kunyarsa ta karkace, kada ku yi abin da na yi. Ku bar shi ya kai bakin gona.