Baba Ƙwallo, Mutumin da Ya Koya wa Zane Tafiya

Kafin masu shara su gama da barandar sashen koyon zane da fim na kwamfuta, shi ya riga ya buɗe ɗakinsa. Ɗaki ne can ƙarshen baranda, mai tebur goma sha biyu, kowanne da gilashi a sama da fitila a ƙarƙashi, yadda in ka ɗora takarda kan takarda za ka hango zanen da ke ƙasa. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, ya kunna ya kashe, ya canja ƙwan da ya mutu. Sai ya zauna bakin taga ya feƙe fensira cike da gwangwani. Shekara ashirin da shida ke nan haka yake buɗe ranarsa, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A takardar ɗaukarsa aiki an rubuta mai kula da kayan aiki ne. Ba shi da ofis, ba a taɓa manna sunansa a jikin wata ƙofa ba. Amma duk ɗalibin da ya fita daga sashen nan ya iya sa zane ya motsa, ta hannunsa ya bi.

Sababbin ɗalibai kan shigo suna zumuɗin hawa kwamfuta. Shi kuwa sai ya laluba aljihu ya fito da wata tsohuwar ƙwallon roba, ya sake ta a ƙasa.

"Me kuka gani?"

"Ƙwallo ta faɗi, Baba."

"To, ba ku ga komai ba. Ku sake dubawa."

Zai yi ta sakinta har sai wani ya lura cewa tana ƙara sauri in ta doshi ƙasa, tana lotsewa in ta bugu, tana miƙewa in ta taso, kuma a can sama tana ɗan jinkirtawa kamar mai shawara. Daga nan kowa ya ɗauki fensir: zane goma sha biyu kafin a sami motsin daƙiƙa ɗaya. Mako shida ba mai taɓa kwamfuta. Nan sunan Baba Ƙwallo ya samo asali. Wani mai rawar kai ya taɓa ce masa ai manhaja tana yin duk wannan da kanta. Baba ya ce, "Madalla. Sai mu ba ta takardar shaidar, kai ka koma gida ka huta."

Masu ba da labarinsa suna da yawa, amma wadda ta fi kowa cika da shi ita ce wadda 'yan ajinsu ke kira Yaya, don ta girme su duka. Matar aure ce mai 'ya'ya uku, ta dawo karatu bayan shekaru. Daga wata makaranta ta sauyo a shekara ta biyu, saboda haka ba ta taɓa zama a ɗakin Baba ba. Ta iya kwamfuta, ta iya launi, amma aikinta na kammalawa ya faɗi a karon farko. Dokar makarantar kuwa a fili take: wanda ya faɗi sau biyu, sai sallama.

Fim ɗin nata na minti uku ne, a kan mahaifinta, tsohon direba da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar, ya sake koyon tafiya da sanda. A karo na biyu, saura mako uku mai jarrabawa daga waje ya zo, malamin da ke duba aikinta ya kalla ya girgiza kai.

"Hajiya, hoton ya yi kyau. Amma mutumin nan ba tafiya yake ba, sulɓi yake kamar an ɗora shi kan sabulu. In ya je gaban mai jarrabawa a haka, ba na jin zai wuce."

Ta fito ta zauna kan matakala, hawaye na zuba, tana tunanin abin da za ta gaya wa maigidanta da ya ɗauke mata rabin hidimar yara shekara uku. A nan Baba ya same ta. Bai ce ta yi haƙuri ba. Cewa ya yi, "'Yata, nuna mini."

Ya kalla sau biyu a wayarta. Ya tashi ya ciko bokiti da ruwa a famfon baranda ya miƙa mata.

"Ɗauki da hannun dama ki je ƙarshen baranda ki dawo."

Ta je ta dawo, ɗalibai na leƙe suna dariya.

"Ina kafaɗarki ta karkata? Wace ƙafa ta fi daɗewa a ƙasa?"

Ba ta sani ba.

"Matsalar ke nan. Mutumin da kika zana ba shi da nauyi. Kin zana mahaifinki da ƙauna, amma ba ki kalle shi ba."

"Baba, ba na iya kallonsa in yana tafiya," ta ce. "Kau da kai nake yi."

Washegari da la'asar ya bi ta gidan mahaifin nata. Suka gaisa, suka taɓa hirar motocin da, sannan Baba ya ce, "Alhaji, alfarma na zo nema. Ka yi mana tafiya daga nan zuwa ƙofa, 'yarka ta kalla."

Tsohon ya yi dariya. "Ni da likita ya ce in riƙa motsawa? Ai ka kawo mini aiki har gida."

Ya taka, ya sake takawa. Baba na gefenta yana magana ƙasa-ƙasa: ga sanda ta fara sauka, ga jiki ya jingina a kanta, ga ƙafar hagu tana zagayowa ta gefe, ga ɗan dakatawar nan kafin ya yarda ƙasa za ta riƙe shi. A ranar ta kalli mahaifinta da idon da ba ya gudu.

Kwana goma sha takwas tana kan teburin gilashi. Ta yi zane, Baba ya kaɗa takardun da yatsa ya ce, "Sauri ya yi yawa a nan, ƙara biyu a tsakani." Ta roƙe shi ya gyara mata ko da guda ɗaya ne. Ya mayar da hannunsa baya ya ce, "Hannuna ya riga ya iya. Naki muke jira." Sai da takun ya zauna a takarda ya bar ta ta kai shi kwamfuta.

Ranar jarrabawa aka kashe fitila, aka kunna majigi. Mahaifinta na zaune a layin gaba. Ita kuwa ta ƙanƙame gefen kujera. Mutumin cikin fim ya ɗaga sanda, ya jingina, ya dakata, ya jawo ƙafa. Sai muryar tsohon ta tashi: "Kai! Wannan ai ni ne. Har da jan ƙafar ba ta rufa mini asiri ba!"

Ɗaki ya kwashe da dariya, har mai jarrabawar. Da ya rufe littafinsa ya ce ta ci, Yaya ta sauke wani numfashi da ta ce tun mako uku yake maƙale a ƙirjinta. Ta waiga neman Baba. Yana can baya yana naɗe wayar majigi.

Baba, kai ne mai haƙurin da ba ya ƙosawa da tambaya ɗaya sau goma. Kai ne ka hana mu tsallake tushe lokacin da kowa ke gaggawar hawa sama. Ɗalibanka suna gidajen talabijin da kamfanonin talla, wasu sun buɗe nasu wuraren, sunayensu na fitowa a ƙarshen fina-finai, naka bai taɓa fitowa ba, kuma ba mu taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Da labarin ritayarsa ya bazu, hankalin mutane ya tashi, don an fara raɗe-raɗin za a kwashe teburan a cika ɗakin da kwamfutoci. Makon jiya shugabar sashen ta kawo ƙarshen zancen: darasin yana nan, ɗakin yana nan, kuma cikin waɗanda Baba ya horar za a ɗauki mai riƙe shi. Aka tambaye shi me zai yi in ya koma gida. Ya ce, "Jikata ta fara rarrafe. Ina so in ga ranar da za ta miƙe, kada a ba ni labari."

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka lafiyar cin hutunka, Ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuka iya wata sana'a, kada ku yi rowar ta, kuma kada ku karɓe fensir daga hannun mai koyo don kun fi shi sauri. Ku tsaya a gefensa har hannunsa ya faɗa.