Shirun da ke cikin waƙar Iya Habi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata, Iya Habi. Da damina ta rasu, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ina aji biyar a firamare. Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa kiran kanta mawaƙiya ba. Waƙar niƙa kawai take yi, irin wadda matan Ƙofar Kaura suke yi a kan dutse kafin inji ya shigo unguwa.

Ni ba mai magana ba ce, gindin ƙofa nake zama in yi ta kallonta. Takan ce, "Mi kike kallo haka, ƙawata? Ido kamar na mujiya, baki kamar an ɗinke."

Kafin ciwo ya kwantar da ita, Kawu Sanusi, ƙanen mahaifiyata, ya ɗauki muryarta a kaset. Tana zaune a kan tabarma, babu dutse, babu gero. Duk da haka bayan kowane baiti sai ta yi shiru, hannunta na dama ya miƙa gefe, ya dawo, sannan ta ci gaba.

Bana Kawu da abokansa masu kiɗan fiyano suka ɗauki aniyar raya tsofaffin waƙoƙin mata. Ya ce ya ji a rediyo cewa a ƙasar Japan ma akwai wata ƙabila, Ainu, da jikokinsu ke koyon waƙoƙin kakanni daga tsofaffin faya-fayai. Da Iya tana raye ta ji haka, na san dariya za ta yi, ta tambaya ko su ma gero suke niƙawa.

Ranar da ya kawo mana sabuwar waƙar mu saurara kafin a kai ta gidan rediyo, kowa ya yaba. Ni kuwa na ji ta kamar mai gudu ba numfashi. Sun cire shirun duka.

"Ai tsufa ne, numfashinta ke ɗaukewa," in ji Kawu. "Mun gyara mata."

Kwana biyu maganar tana cina. Idan waƙar ta fita haka, duk Katsina haka za a koye ta. Ranar Asabar na kai masa shayi, na tsaya ban fita ba.

"Kawu, ba numfashi ba ne."

"To mene ne, malama?"

Sai na durƙusa a gabansa, na tura hannuwana gaba da baya kamar mai niƙa, na miƙa na dama gefe, na yi kamar na ɗebo gero a ƙwarya na zuba a kan dutse. Ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce shekara nawa yana cin tuwonta, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake niƙa garin ba. Sati guda ya yi yana lallashin abokansa, domin sun ce masu sauraro za su ɗauka kaset ne ya tsaya. A ƙarshe suka mayar da shirun.

Ban san ko Iya za ta gane waƙarta ba yau. Muryar ta wata budurwa ce da ba ta taɓa ganinta ba, kiɗan kuma na fiyano. Abin da ya rage nata a ciki shi ne shirun nan bayan kowane baiti. Idan aka zo wurin, mahaifiyata takan ajiye abin da take yi, mu jira tare har Iya ta gama ɗibar geronta.