Gyaran da Na Yi wa Waƙar Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne mawaƙin ƙungiyar kiɗan rok irin na Turawa da ake cewa ita ce ta farko a Potiskum. Na ce "ake cewa" domin ban sami takardar da ta tabbatar ba. Su huɗu ne: shi, da wani Ibo mai shagon taya da ke kaɗa jita, da ma'aikatan asibiti biyu. Faifai ɗaya suka yi, a Jos, kuma muryar da ke cikinsa ba ta Kawu ba ce.

Karekare ne harshen Kawu na farko, kuma Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Amshin waƙar a bakinsa shi ne: "Budurwana ya tafi, bai waiwayo ba." Mai situdiyon da ake ɗaukar faifan ya yi dariya, ya ce ba mai sayen wannan a Kano, ya kawo wani ya rera ta daidai. Kawu yana zaune a benci har aka gama.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na zaɓi tarihin ƙungiyar ya zama aikin bincikena. Na je gidansa a unguwar Dogo Tebo da hantsi. Ya hana ni ɗaukar murya, amma ya rera mini baitoci bakwai, ina rubutawa. Da na koma makaranta sai na ji tsoron kada malamina ya zaci kuskuren nawa ne. Na gyara kowane "ya" zuwa "ta", na tsabtace sauran, na yar da takardar farko.

Bayan an ɗaure littafin na kai masa, na karanta masa da alfahari. Ya saurara har ƙarshe.

"Malam, Hausan ya yi kyau," ya ce. "Wa ya yi waƙan?"

"Kai ne, Kawu. Ga sunanka a sama."

"Na Jos ma ya sa sunana a bayan kwalin faifan."

Na roƙe shi ya sake rerawa in rubuta yadda take. Ya ce ya manta. Sau uku ina komawa, amsar ba ta sauya ba, ko da yake matarsa ta ce yakan rera ta idan yana ba awaki dusa.

Amshin kaɗai nake da tabbacinsa. Sauran baitocin zan iya mayar da "ta" zuwa "ya", amma wannan zai zama ƙirƙirata ce, ba tasa ba. Littafin yana ɗakin karatu na sashenmu, da maki mai kyau, kuma duk wanda ya ɗauko shi zai gaskata ni.