Malam Rage da Kwanon Ruwan Tagarmu

Duk ranar da za a yi taro a zauren da ke bayan gidanmu, tun kafin masu jera kujeru su iso za ka ga wani dattijo ya sauko daga bas, jaka a kafaɗa, yana jan ƙafar hagu. Maigadi ya buɗe masa ƙaramar ƙofa. Ya durƙusa gaban akwatin da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ke ciki, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sai ya kunna wani gunji mara daɗi, ba waƙa ba, ya bar shi yana yi, ya zagayo ta lungu ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ba sai ya faɗi abin da ya kawo shi ba. In ɗebo ruwa a kwanon silba in ɗora kan tagar ɗakin maigidana, shi kuma ya tsaya ya zuba wa ruwan ido. In ruwan na rawa, ya koma zaure ya taɓa na'ura, ya sake dawowa. Haka zai yi ta kai da kawo da wannan ƙafar tasa har ruwan ya kwanta.

Mutanen zaure suna kiransa Malam Rage, kuma ba don yabo ba. Kowa na cewa a ƙara, shi yana ragewa.

Maigidana direban babbar mota ne a da. Hatsari ya same shi, ya rayu, amma kansa bai dawo daidai ba. Magana sai jefi-jefi, barci kuma sai an yi sa'a. Hayaniyar yara ba ta damunsa, ko kukan injin niƙa. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne dum-dum ɗin nan mai kauri da ke bin ƙasa ya hau bango. Da ya fara, sai ya dafe kai da hannu biyu, ya yi ta haɗa goshi da katifa, daga nan a yi kwana da kwanaki bai runtsa ba, ni ma ban runtsa ba. Ɗakunanmu biyu ne, duk bangonsu ɗaya da zauren. Masu ba da shawara sun ce mu tashi. Bakinsu ne, ba su ne za su ɗauki mutumin da a ɗakin nan kawai yake gane hanyar banɗaki su kai shi baƙon wuri ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar da na fara haɗuwa da Malam, faɗa na je yi. Da rana tsaka ana gwajin kaya, na shiga zauren da ludayi a hannu, ban ma san na fito da shi ba. Na faɗi mai daɗi da mara daɗi. Ya bar ni na gaji don kaina, sannan ya ce in kai shi ya gani. Ya shiga, ya ga halin da maigidana ke ciki, ya sunkuyar da kai. Ya ɗora tafin hannunsa a bango ya daɗe.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba ƙarar ba ce. Wata murya guda ce bangon nan ke amsawa. Ba ni ruwa a kwano, in nemo ta."

Daga baya ya yi mini bayani daidai fahimtata. Ya ce sauti kaya ne, kowace sifika da abin da za ta iya ɗauka. Mai kauri na manyan akwatunan ƙasa ne, na tsakiya inda muryar mutum take yana da nasa, siriri kuma na ƙananan ne da ke sama. Iyakar da ake ja tsakaninsu ita ce kirosoba. Sai filta, wadda ya ce in ɗauke ta kamar rariya. A can ƙasan kiɗa akwai wani gunji da kunne da ƙyar yake kama shi, mai rawa bai san da shi ba, sifika wahala kawai take sha a kansa, amma bango yana jin sa sarai. Wannan ya tankaɗe ya zubar. Ya nemo muryar da bangonmu ke amsawa ya danne ta ita kaɗai, ya matsar da iyakar manyan akwatunan kaɗan don bugun ya riƙa sauka a ƙirjin masu rawa maimakon ƙarƙashin gadonmu. Maigadi ya ce Malam shi kaɗai ya ja akwatunan nan daga jikin bango, ya ɗora su kan tsofaffin tayoyi.

Da aikin yi-ka-huta ne da ban ɗauki alƙalami ba. Kowane mai saka kiɗa da nasa kayan yake zuwa, kuma abin da ya fara yi shi ne ya wargaza saitin da ya tarar. Sai Malam ya sake daga farko. Ya yi haka tun babbar 'yarmu tana firamare, ga shi yanzu tana goyo.

Zagi kuwa ya sha shi har ya ƙoshi. Mai sharar zauren ta ba ni labarin wani mawaƙi da ya tsaya a makirufo, gaban jama'a, ya ce a kawo masa mai jini a jika, wannan tsohon ya mai da masa waƙa kamar shayi ba sukari. Mutane suka yi dariya. Wani yayan ango ya taɓa cin kwalarsa har maɓalli ya tsinke. Mai zauren ma ba sau ɗaya ba ya ce zai nemo wani, abin da ya hana shi kawai shi ne tunda Malam ya karɓi kayan babu sifikar da ta ƙone. Malam dai ya yi kunnen uwar shegu, ya ce na'ura ce ba ta son nauyi. Kalma ɗaya da ya furta game da mara lafiyan bayan bango da an ƙyale shi. Bai furta ba, don na roƙe shi tun ranar farko kada a mai da maigidana labarin unguwa.

Malam, kai ne ka sha zagin da ba naka ba don ka rufa wa wani asiri. Kai ne mai raba kaya daidai wuyan mai ɗauka. Na gaji, ba zan ɓoye ba, jinya ta cinye mini ƙuruciya. Amma a duk makon duniya akwai yini guda da na san ba ni kaɗai ce ke ɗauke da mutumin nan ba.

Watan jiya Malam ya ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, kunnen ma ya fara nauyi, sai ka maimaita masa magana. Aka ɗauko wani, Dogo, magidanci ne mai fara'a, ya iya aikinsa, amma ba wanda ya taɓa gaya masa akwai mutum a bayan bangon. Asabar ɗin farko da aka yi biki ba Malam, na ɗora kwanon a taga don sabo. Da aka kunna kiɗa ruwan ya fara karkarwa. Na ga hannun maigidana ya doshi kansa. Na jawo mayafi, sai kuma na koma na zauna, don ƙarfin faɗan da nake da shi a da ya ƙare.

Ina zaune sai na ga rawar ruwan tana raguwa. Na leƙa. Ga Malam a lungu, ya jingina da bangonmu, tafin hannu a kai, waya a kunne yana magana da Dogo, yana ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa sosai: "Rage. Ƙara ragewa. To, tsaya nan."

Na ce, "Malam, ba ka yi ritaya ba?"

Ya ce, "Na yi, ƙanwata. Wucewa nake yi."

Gidansa sai an hau bas biyu. Babu inda ake wucewa ta lungunmu, bango ne a ƙarshensa.

Da yamma Dogo ya zo da kansa, hula a hannu, ya gaishe mu, ya nemi a nuna masa tagar. A ranar ne maigidana ya ce in daina ɓoyewa, in rubuta kowa ya ji. Don haka ku masu riƙe da maɓallin ƙara sauti, a zaure ne ko a shago ko a bakin titi, kafin ku murɗa ku zagaya bayan bango ku ga wa ke kwance. Ba ya buƙatar komai sai ƙafa da kwanon ruwa.

Malam, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwar nan lafiya. Asabar mai zuwa ka yi zamanka a gida, ka miƙe ƙafa, Dogo ya san hanyar ƙofarmu. Na tambayi maigidana ko yana da saƙon da zan sa maka a ƙarshen wannan rubutu. Ya daɗe yana neman kalmomin, kamar yadda ya saba. Sannan ya ce in gaya maka ya yi barci.