Sawu Mai Yatsu Huɗu

A garinmu idan ka ce Eustolia Mariche sai a tsaya ana tunani. Amma ka ce Tola mai tsintsiya, har karnukan bakin teku sun san wadda kake nufi. Yayar mahaifina ce. A rumfarta na girma ina kankare kifi ina shan faɗa, don haka abin da zan faɗa a kanta da idona na gan shi, kuma ba na ɓoye cewa ina taƙama da matar nan.

Sana'ar Goggo Tola suyar kifi. Rumfarta ta ganyen kwakwa ce, tana kallon ruwa, da dogon tebur ɗaya da murhu biyu. Duk shekara garin shiru yake sai makon Ista. A lokacin ne mutanen birnin Oaxaca da na kan duwatsu suke gangarowa a bayan a-kori-kura, da tukwane da kakanni da kaji, su kakkafa tantuna a kan rairayi tun daga bakin kogi har gindin dutse. Ɓarayi ma a makon suke cin tasu kasuwar.

Kowa da dabararsa, kuma yawancinsu abin dariya ne. Wani ya sayo ƙaton kwaɗo ya maƙala a zif ɗin tanti, ya tafi wanka yana kaɗa makulli. Goggo ta bi shi da kallo ta ce, “Kwaɗon ƙarfe a jikin ƙyalle! Bawan Allah, ɓarawon da ya zo da reza ta ƙofa zai bi?” Wasu kuma su tona rami a ƙarƙashin tabarma su binne waya da makullin mota a cikin leda, kowa yana ganin shi kaɗai ya san wannan wayo, alhali duk bakin tekun haka ake yi, kuma nan ɓarawo yake fara tonawa. Akwai mai ɗaure jaka a ƙafa ya yi barcin rana, ya farka da igiya kawai.

Filin da ke gaban rumfar Goggo kuwa dokarsa daban, kuma ba ta roƙon kowa ya zauna. Duk mai son kafa tanti a nan, ƙofarsa ta kalli murhunta. Ranar da ka iso, kai da iyalinka za ku ci abinci a teburinta tare da maƙwabtanku, don kowa ya san fuskar kowa. Ƙananan kaya masu daraja, makulli da waya da 'yan kunne, a ƙulle su a leda a jefa cikin wata tsohuwar kula da ta daina riƙe ƙanƙara. A kan kular take zama tana juya kifi. Goggo kuwa ba ƙaramar mace ba ce, duk mai son abin da ke ciki sai ya fara ɗaga ta.

Sai tsintsiya, wadda ta ba ta suna. Da zarar iyali sun tafi ruwa, sai ta ɗauki reshen kwakwa ta zagaye tantinsu tana tafiya da baya, tana share rairayin har ya kwanta sumul. Ko ƙaguwa ce ta ratsa sai an ga inda ta bi. Ba mai taka wurin sai mai tanti, shi ma sai ya ɗaga murya tukuna. Doña suke ce mata don girmamawa, kamar yadda ake ce wa dattijo Don.

“Doña Tola, zan taka!”

“Taka, ɗakinka ne. Amma ka karkaɗe wannan wandon, kada ka jiƙa wa matarka shimfiɗa.”

Ɓarayin yankinmu sun san sharar nan, kuma sun san Goggo ta san ƙafar kowa a garin, don tun suna yawo ba wando take korar su daga bakin murhu. Sai su tsallake filinta su yi gaba. Shekara da shekaru ko cokali bai ɓata a wurin ba. Ba ta karɓar komai don gadin, kifinta kawai za ka saya. Idan ana yabonta takan tsuke baki kamar ba ta ji ba, amma ni da nake kusa na san har cikin ranta take jin daɗi.

Cikin masu zuwa kullum akwai Don Filogonio Bautista, wani tsoho mai gidan burodi a Oaxaca. Da 'ya'ya da jikoki yake zuwa, da kuma jitarsa. Marigayiyar matarsa ce ta saya masa ita tun suna amarya da ango, kuma tun da ta rasu ba ya yarda ko babban ɗansa ya taɓa. Da yamma yakan zauna a ƙofar tanti yana kaɗawa, Goggo tana tsokanarsa.

“Don Filo, wannan waƙar tun bara ba ka gama koyonta ba?”

“Ke kuma, Doña, wannan kifin tun bara kike soya shi? Haƙorina ɗaya ya tafi.”

“Dama saura nawa?”

A shekarar da nake ba da labari, ranar Juma'ar Ista, ana shirin tafiya coci da rana, ya zo rungume da jitar. Jitar ta fi ƙarfin kula, kuma ibadar ranar ta makoki ce, ba a shiga da kayan kiɗa. Ya tsaya yana juya ta a hannu.

Goggo ta ce, “Mayar da ita tanti ka tafi ibadarka. Ni ce zan share.”

Ya mayar, ya ja zif, ya tafi bai ko waiwaya ba. Ta share wurin da kyau, har sau biyu ta zagaya. Fili ya watse, kowa ya bi taron. Can sai motar ƙanƙara ta yi oda a bakin titi, direban kuma ba ya jiran kowa, kifinmu kuwa yana neman lalacewa. Muka ruga ni da ita muka kinkimo. Ba mu daɗe ba.

Da muka dawo ta ɗauki tsintsiya ta fara zagayenta kamar kullum, ina biye. A bayan tantin Don Filogonio ta tsaya cak. An tsaga ƙyallen da wuƙa daga sama har ƙasa. A kan rairayin da ta share ga sawu nan ɓaro-ɓaro, shiga da fita, ba takalmi. Ƙafar hagu yatsunta huɗu.

A garinmu mutum ɗaya ne mai irin wannan ƙafa. Crisóforo, ɗanta tilo, wanda igiyar komar kamun kifi ta cire wa ƙaramin yatsa tun yana saurayi. Goggo ce da kanta ta ɗaure ciwon a ranar. Masunci ne na gaske, amma tun da matarsa ta kwashe kayanta ta koma gidansu ya kama kwalba, ya daina fita ruwa. Mun san yana shan wuya, ba mu dai zaci abin ya kai nan ba.

Ba kowa a filin, daga ni sai ita. Tsintsiya tana hannunta. Ja ɗaya za ta yi, a ce wani baƙo ne ya zo ya wuce, a yi jaje, a manta. Idona yana kan reshen kwakwar nan.

Ta ce, “Na ga abin da kike kallo, Hermelinda. Je ki ɗauko mini bahon wanke-wanke.”

Na kawo. Ta kife shi a kan sawun don kada iska ta taɓa shi, ta ɗora dutse, ta jawo kujera ta zauna a gefe. Kifi yana ƙonewa a murhu ba ta ko juya kai ba. Ni kuma tausayinta ya cika ni har na kasa haɗa ido da ita.

Da mutane suka dawo, ba ta bari Don Filogonio ya gano da kansa ba. Ta miƙe ta tare shi.

“Don Filo, an shiga tantinka, an ɗauki jitar. A hannuna ka bar ta. Zo ka ga wanda ya ɗauka.”

Ta ɗaga bahon a gaban kowa. Baƙi ba su gane komai ba, amma 'yan gari da ke wurin nan take suka gane. Tsohon ya daɗe yana zuwa, ya sha shiga kwale-kwalen Crisóforo, ya san ƙafar. Ya dubi sawun, ya dubi Goggo, sai ya rage murya.

“Doña, idona ba ya gani sosai yanzu. Ni ban ga komai ba. Ki share abin nan, mu yi magana daga baya, mu biyu.”

“Idonka lafiya lau, jiya ka hango ƙaya a kifina. Ɗana ne. Ka jira ni a nan.”

Ta nufi inda ake kife kwale-kwale, ina binta a baya. A inuwar nasa muka same shi a kwance, jitar tana ƙarƙashi an naɗe ta da tsohuwar koma. Da ya gan mu ya tashi zaune yana mutsuttsuka ido.

“Inna, me ya faru?”

“Kai za ka gaya mini. Ɗauko.”

“Wai me? Ni tun safe ina nan.”

“Crisóforo, ni na haifi ƙafar nan, ni na ɗaure ta. Ko takalmi ba ka iya sakawa ba? Ɗauko, na ce.”

Ya sunkuyar da kai. “To ki karɓa ki kai masa. Ki ce a bayan dutse kika tsinta. Wa zai sani?”

“Ba ni na ɗauka ba, ba ni zan mayar ba. Tashi.”

Haka ya taso, ƙato da shi, rungume da jita, uwarsa tana gaba da tsintsiya, suka ratsa tsakiyar tantuna mutane suna buɗa musu hanya. Ya miƙa wa Don Filogonio hannu da hannu. Tsohon ya duba ta ciki da waje, ya ja tsirkiya ɗaya, sai hawaye. Wani ya ambaci 'yan sanda, tsohon ya daka masa tsawa ya ce kayansa ne ko na mai maganar.

Crisóforo ya juyo ya kalli uwarsa, idonsa jawur. “Kin zaɓi baƙi a kaina, Inna. Ja ɗaya da tsintsiya ya gagare ki?”

Ta ce, “In na share naka yau, gobe da wane ido zan nuna na ɗan wata?”

Ya juya ya tafi. Kafin makon ya ƙare ya bar garin. Aka ce an gan shi a jiragen kamun kifi can arewa, daga baya labarin ma ya yanke. Goggo ta ɗinke tantin Don Filogonio da zaren koma a yammacin nan, ta koma kan kularta ta ci gaba da suya.

Matan gari suka samu abin taunawa. Wai wace irin uwa ce za ta tona wa ɗanta asiri saboda katako mai igiya. Masu faɗin haka kuwa su ne 'ya'yansu suka addabi sauran bakin tekun, suna kawo musu wayoyin mutane suna karɓa suna godiya. Na faɗa wa ɗaya daga cikinsu haka a kasuwa, har yau ba ta gaishe ni, ban kuma yi asarar komai ba.

Da shekara ta zagayo, filin Goggo ya cika ya batse da mutane. Labari ya kai Oaxaca, kowa yana son inda matar nan take. Don Filogonio ya zo, ya kafa tantinsa mai ɗinki a baya, ya daina ma jan zif. Goggo ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ko sau ɗaya. Amma ba ta ƙara dafa miyar jatan lande da Crisóforo yake so ba, kuma kullum da safe, kafin ta hura wuta, sai na ga tana bin rairayin gaban rumfa da ido. Na san abin da take nema.

Yanzu gwiwa ta hana ta zagaye, ni nake share tantuna. Gaban rumfarta ne kawai ba ta yarda kowa ya share mata, da kanta take yi kafin ta tashi daga aiki.

Istar bara, da sassafe, na iso na same ta tsaye ta dafa sanda. A kan kula ga manyan jajayen kifi an ɗaure su da igiya, ko bushewa ba su yi ba. Daga bakin ruwa sawu ya taso har gaban murhu, ya tsaya, ya juya ya koma. Mai shi ba takalmi ya zo, kuma bai bi ta gefe ba, tsakiyar sharar ya taka. Ƙafar hagu yatsu huɗu.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta goge fuska da gefen zane ta ce, “Hermelinda, bahon nan.”

Na kawo, ta kife shi da hannunta, ta ɗora dutse. Duk makon nan masu sayen kifi kewaye shi suka riƙa yi. Wani baƙo ya tambaya me aka rufe a ciki, ta ce, “Kayana ne. Duk wanda ya taɓa, ba shi ba kifina.” A ranar ta aike ni kasuwa sayen jatan lande.