Katunan Sojojin Baba Yakubu

Har yau idan na ji warin robar da aka ƙona, ranar Litinin ɗin nan nake tunawa. Kun tambaye ni dalilin da ya sa nake hana ku taɓa kayan aro sai ina wurin, to ga shi, gwargwadon yadda na iya riƙewa.

A lokacin ban daɗe da kama aiki a ɗan gidan adana kayan tarihin nan namu ba. Na karanta Tarihi a jami'a, aka ɗauke ni a matsayin mataimakin jami'in adana kaya, wato ni ne mai karɓar abin da aka kawo, in duba shi, in ɗauki hotonsa gaba da baya, in sa masa lamba. A samana akwai shugaban sashe, Ba Kyari, dattijo mai kirki wanda ya kusa ritaya. Ina so ku riƙe wannan, domin ba na son kowa ya fita daga nan yana ganin mugun mutum ne.

Muna shirin baje kolin kayan tsofaffin sojoji sai wata mata mai suna Saratu, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a unguwar Wulari, ta zo da gwangwanin biskit a cikin jaka. Da ta buɗe sai na ga ƙananan katuna, kowanne bai kai tafin hannun yaro ba. A da, kamfanonin taba na Ingila sukan saka irinsu a cikin kwalin sigari. Gaba hoton soja ne da kakinsa, ko igwa, ko lambar yabo, baya kuma bayani ne da Turanci. Jeri-jeri ake yin su, mai tarawa yana neman ya cika kowane jeri. Ta ce kakanta ne ya fara tara su sa'ad da yake kurtu yana yi wa wani hafsan Bature hidima, mahaifinta kuma, Baba Yakubu, tsohon malamin makaranta, ya ci gaba ta hanyar musaya da abokan wasiƙa. Aro ne, in ji ta, ba kyauta ba. Na yi mata alkawari da bakina cewa yadda ta kawo su haka za su koma.

Na sa safar hannu, na ɗauki hotunansu, na jera su a ambulan na takarda, na kulle a kabad. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni a ƙarshen makon, na bar makulli wajen Ba Kyari kamar yadda tsari ya ce.

Da na dawo ranar Litinin, tun daga ƙofa na ga allon baje koli yana ƙyalli. Na ɗauka gilashi aka sa. Sai da na matsa na gane cewa katunan ne da kansu. An kai su shagon kwamfuta kusa da Kasuwar Litinin an yi musu lamineshan, an narka roba gaba da baya, an yanke gefensu da almakashi, an kafe kowanne da fil. Zafin injin ya sa wasu sun kumbura, jan kakin wani soja ya koma ruwan ƙasa.

Ba Kyari ya shigo da fara'arsa, ya gaishe ni da wushe irin ta Barebari, ya ce ya jiki, sannan ya nuna allon.

"Ka ga aiki? Yanzu ko ruwa ya sake zuwa, ba abin da zai same su."

Da kuɗin aljihunsa ya yi. Ambaliyar da ta ci rabin garin nan ta shiga gidansa a unguwar Gwange, ta mayar da takardun makarantarsa da hotunan iyayensa kamar kunu. Tun daga lokacin duk takardar da yake ƙauna sai ya sa mata roba, kuma ba shi kaɗai ba, kusan kowa a garin nan haka yake yi. A ganinsa girmama katunan ya yi.

Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya gaya masa cewa, a iya abin da aka koya mana, wannan robar ba ta ɓaruwa. Gam ɗin ya riga ya shiga cikin takardar, idan aka ja, fuskar hoton za ta biyo shi. Ya ce wataƙila masu kayan ma za su yi murna, a bari a gama baje kolin tukuna. Na ce ina ganin, idan bai damu ba, gara su ji daga bakinmu yau. Ya ce to in je, shi ba zai iya haɗa ido da su ba.

Na cire su daga allon, na zuba a gwangwanin, murfin ma ya ƙi rufuwa saboda kaurin da suka yi. Na hau keke zuwa Wulari bayan la'asar.

Saratu ta duba, ta rufe bakinta da hannu. Ta shigar da ni falo inda mahaifinta yake zaune a kujerar katako. Sai a nan na san abin da ba ta faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Baba Yakubu ba ya gani. Idonsa ya tafi shekaru da dama.

Ya amsa gaisuwata da murna, ya ce ɗan tarihi ne ya zo, a ba shi ruwa. Ya miƙo hannu aka ɗora masa gwangwanin a cinya. Ya zaro guda, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya juya shi, ya sake shafawa. Ya ajiye, ya ɗauki wani. Ya ɗauki na uku.

"Saratu, waɗannan ba nawa ba ne."

"Naka ne, Baba. Roba aka sa musu."

Ashe da yatsa yake sanin su. Saratu ta gaya mini daga baya cewa kowace yamma yakan zazzage su a tire ya jera su jeri-jeri, ba mai taya shi. Katin mai ganga yana da kusurwa a lanƙwashe. Mai igwa ya taɓa jiƙewa da shayi, bayansa ya yi kaushi. Akwai wanda mahaifinsa ya riƙa sawa a aljihu har ya yi laushi kamar tsumma. Yanzu duk sun zama abu ɗaya mai santsi.

Ya tambaye ni ko za a iya ɓarewa. Na fara cewa wataƙila akwai masana a wani wuri, ban tabbata ba, zan bincika. Ya katse ni a hankali.

"Ɗana, na koyar da yara shekaru masu yawa. Na san muryar wanda ya san amsa yake tsoron faɗarta."

Na ce ba za a iya ba, Baba.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba da lalube cikin gwangwanin, ya ce yana neman na aljihun mahaifinsa, wanda ya fi duka laushi da koɗewa. Sau biyu yana riƙe shi ya wuce. Ni na gane shi daga hotunan da na ɗauka, na ɗauko na sa masa a hannu, na ce ga shi. Ya matse shi tsakanin yatsunsa, ya ce to, tunda na faɗa, ya yarda. Sannan ya gaya wa 'yarsa cewa ɗaya gwangwanin da ke ƙarƙashin gado, wanda ya yi niyyar bar mana idan ya mutu, kada ya fita daga gidan.

Ba Kyari ya je da kansa bayan sati, ya ba da haƙuri, aka karɓe shi da mutunci. Gwangwani na biyun bai zo ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ban sani ba ko na fahimci darasin duka, amma ga abin da na ɗauka. A wannan aikin ba mu yi wa kaya abin da ba za a iya warwarewa ba, ko da niyyarmu ta kai ta Ba Kyari kyau. Kuma duk wanda ya kawo muku abu, kafin ku tambayi shekarunsa ko inda aka yi shi, ku fara tambaya wa yake taɓa shi a gida, kuma yaya yake taɓa shi. Ni tun daga ranar ban ƙara karɓar kayan aro ba sai na je gidan na gaida mai shi.